Gurmi a cikin Pure Data: kundin fama da zobe

Litinin, 3 ga Fabrairu 2025

Na buɗe wannan kundi ne don na lura ina gyara abu yau, jibi in manta yadda na yi. Aikin da ke gabana shi ne in sa kwamfuta ta yi ƙarar gurmi mai tsirkiya biyu, ba ta hanyar naɗar sautin gurmin gaske ba, ta hanyar lissafi zalla. Manhajar da nake amfani da ita Pure Data ce, wadda Miller Puckette ya fitar a wajen 1996, bayan wata manhajar mai suna Max da ya ƙirƙira a cibiyar IRCAM ta birnin Faris. Kyauta ce, kuma tsohuwar kwamfutata tana ɗaukarta ba tare da nishi ba.

A Pure Data ba a rubuta layuka. Akwatuna ake ajiyewa a kan farin fili, a ja waya daga gindin wannan zuwa kan wancan. Akwatin da sunansa ya ƙare da alamar ~ na sauti ne, sauran na saƙonni. Sautin kuwa ɗigo-ɗigo yake tafiya, ɗigo 44100 a kowace daƙiƙa.

Dabarar tsirkiyar tsohuwa ce, ta Kevin Karplus da Alex Strong, 1983. A watsa ɗan guntun hayaniya cikin layin jinkiri. Abin da ya fito a tace shi kaɗan, a rage masa ƙarfi, a mayar da shi bakin layin. Yana kewayawa yana laushi har ya mutu, kunne kuma ya ji kamar an taɓa tsirkiya. Tsawon layin shi ke yanke kaurin muryar.

Na gina ɗan ɗaki, wato akwatin da ke ɗauke da wasu akwatunan a cikinsa, na sa masa suna jinkiri: ƙofar shiga inlet~ ta shiga delwrite~ mai rubuta sauti a layin jinkiri, delread~ mai karanto shi ya fita ta ƙofar fita outlet~. A waje na ɗora rariya da akwatin rage ƙarfi, na ja waya ta koma sama. Na kunna sauti. Shiru. A tagar saƙonni jan rubutu: DSP loop detected, wato ya ga zobe a hanyar sautin. Ya ƙara da cewa akwai akwatunan sautin da bai saka a jeri ba.

Na kashe na kunna sau uku, kamar hakan zai sa ya canza ra'ayi.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Jiya ban taɓa kwamfuta ba, takarda na ɗauka. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ai jinkirin yana nan a cikin zoben, me ya sa ake ce mini zobe ne marar mafita?

Sai da na zauna na fahimci abin da manhajar ke yi a lokacin da aka kunna sauti. Kwamfuta ba ta yin lissafin akwatuna duka a lokaci guda, ko da yake zanen yana ruɗin ido ya ga kamar ruwa ne ke gudu a bututu ko'ina. Dole ta jera su, wannan sannan wannan. Ƙa'idar jerin ɗaya ce: ba a kiran akwati sai duk masu ba shi abinci sun gama nasu. Idan Audu yana jiran Bala, Bala yana jiran Audu, babu wanda za a fara kira. Ita ce tambayar kaza da ƙwai, sai dai kwamfuta ba ta da lokacin muhawara, ajiye su take yi gefe ta ci gaba da sauran.

To ina laifina? Ɗakin da na gina. Tsakanin delwrite~ da delread~ babu waya, suna ne kawai ya haɗa su, don haka da a fili suke, mai jeri ba zai ga zobe ba sam. Zai fara da mai karantawa, ya bi ta rariya, ya ƙare da mai rubutawa. Amma na kulle su a ɗaki ɗaya, shi kuwa mai jeri daga waje akwati guda yake gani, mai ƙofar shiga da ƙofar fita. Bai leƙa ciki ba, ba kuma zai leƙa ba. A wurinsa abin da ke fita ya dogara da abin da ke shiga, ni kuma na ɗaure fitar da shigar. Son tsafta ne ya jawo mini.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na bi hanyar da kowa ke fara bi. Na yanke wayar da ke komawa sama, na sa send~ a ƙasa da receive~ a sama, masu aika wa juna sauti ba tare da waya ba. Jan rubutu ya ɓace. Na danna, sai ga ƙara, ƙarar tsirkiya sosai, har ƙanena ya leƙo daga tsakar gida yana cewa, "Yaya, wa ya kawo maka molo?"

Murnar ba ta kai magariba ba. Na nemi kaɗawa 220 a daƙiƙa, manhajar saita murya da ke wayata tana nuna 167. Na sake lissafi: 44100 a raba da 220 ya ba da ɗigo 200 da 'yan kai, wato milisakan 4.5 da ɗoriya. Lambar da na ba delread~ daidai take. To daga ina ragowar ta shigo?

Na juya lissafin. 44100 a raba da 167 ya kama wajen 264. A cire 200, saura 64. Nan na yi dariya ni kaɗai, domin wannan lamba na san ta. Pure Data ba ɗigo ɗaya-ɗaya take sarrafawa ba, dami-dami take yi, kowane dami ɗigo 64. Shi receive~ da ke saman zobe dole a kira shi kafin send~ da ke ƙasa, don haka abin da yake miƙowa ba na yanzu ba ne, damin da ya wuce ne. Ashe ban warware zoben ba, bashin lokaci na ci, milisakan 1.45 a kowane kewaye, ba tare da an faɗa mini ba. A amsa-kuwwa irin ta ɗakin taro ba wanda zai ji wannan. A tsirkiya kuwa, inda tsawon kewayen shi ne muryar kanta, ya sauke ni kusan sautu biyar a jerin madannan piyano.

Ana iya rage 64 daga lissafin a wuce wurin. Na gwada, ya yi. Amma ban so ba, faci ne a kan faci.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na rushe ɗakin jinkiri. Yanzu delread~ yana sama a fili, delwrite~ yana ƙasa, ba send~ ba receive~. Ba jan rubutu, kuma wayata ta nuna 220. Abin da ya burge ni, delread~ ya san an kira shi kafin abokinsa, yana cire damin daga lissafinsa da kansa, muddin jinkirin da aka nema bai gaza dami guda ba.

Wannan "muddin" ɗin na je na taɓo da gangan. Na riƙa hawa da murya: 440 lafiya, 600 lafiya, 660 lafiya. Daga wajen 700 zuwa sama duk abin da na danna murya ɗaya ke fitowa, kamar akuyar da aka ɗaure ta kai ƙarshen igiya. 44100 a raba da 64 ya ba da 689. Rariyata, wadda ke haɗa ɗigo biyu maƙwabta ta raba biyu, tana ƙara rabin ɗigo, shi ya sa rufin ya sauko wajen 684. Ba za ka karanta abin da ba a riga an rubuta ba, iyakar maganar ke nan.

Gaskiya gurmina ba shi da aiki a can sama. Amma na kasa haƙura, na buɗe misalan da ke zuwa tare da manhajar, na tarar misali mai lamba G04 maganar nan yake yi daidai: a sa zoben duka a ɗaki ɗaya, a ajiye block~ 1 a ciki, dami ya koma ɗigo guda. Na yi, rufi ya tashi. Sai dai yanzu kowane akwati a ɗakin ana kiransa sau 64 a inda da ake kiransa sau ɗaya, fankar kwamfutar ta fara kuka da na jera tsirkiyoyi da yawa don gwaji. Na tsaya a block~ 16. Rufinsa ya haura 2600, ya ishe ni har da guzuri.

A gefe: na ɗan duba yadda wasu manhajojin zane ke yi da wannan matsala, don in san ko Pure Data ce mai taurin kai. Ba ita kaɗai ba ce. LabVIEW, da ke nan tun 1986, tana karya wayar ta hana shirin tashi har sai ka sa abin da zai riƙe ƙimar zagayen baya. Simulink takan yi ƙoƙarin warware zoben da lissafin maimaici, in ta kasa ta tsaya, mutane kuma su saka jinkirin taki ɗaya. Max tana da nata akwatunan jinkiri, tapin~ da tapout~. Harshen Faust na birnin Liyon, wanda rubutu ne ba zane ba, ya fi su gaskiya a ganina: alamar mayar da sauti baya tana ɗauke da jinkirin ɗigo guda a jikinta, kowa ya san da shi tun farko. Ko Excel ma in ka sa gida ya dogara da kansa sai ta yi maka tsawa. Edward Lee da David Messerschmitt sun rubuta wannan tun 1987: zobe a irin wannan zane ba ya motsi sai an ajiye masa wani abu a kan hanya tun kafin a fara.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Kwana huɗu wuta tana wasa da mu, ban yi abin kirki ba. Yau na samu sa'a uku.

Wani zoben daban ya kama ni, ba na sauti ba. Na ajiye gidan lamba biyu a fuskar zanen, ɗaya na yawan kaɗawa a daƙiƙa, ɗaya na milisakan, ina so in taɓa kowanne ɗayan ya bi. Na farko ya raba 1000 ya aika wa na biyu, na biyu ya raba 1000 ya aika wa na farko. Ina taɓawa sai ga stack overflow, wato saƙo ya yi ta kewayawa ba iyaka. Saƙonni ba a jera su tun farko kamar sauti. Saƙo yana bin waya har ƙarshenta kafin ya dawo, wannan kuwa ba ta da ƙarshe, sai manhajar ta ƙirga zurfin ta yanke shi da ƙarfi. Maganin kalma ɗaya ce: set. In ka aika wa gidan lamba set tare da ƙima, yana canza abin da yake nunawa ya yi shiru, ba ya tura komai gaba. Minti goma.

Na kuma daina rubuta 44100 da hannu. Na jona wata na'urar sauti ta aro, ashe a 48000 take tafiya, duk lissafin da na yi da ɗigo ya karkace. Yanzu samplerate~ nake tambaya, akwatin da ke faɗin yawan ɗigo a daƙiƙa.

Talata, 18 ga Fabrairu

Na ɗauki kwamfutar zuwa zauren wani dattijo a unguwarmu da ya yi kiɗan gurmi a ƙuruciyarsa. Ya bar sana'ar da daɗewa amma kayan yana rataye. Na gaishe shi, na zauna a ƙasa, na kunna masa.

Ya saurara, ya ce in sake. Na sake.

"Ɗana, wannan waya ce aka ɗaure a jikin bango. Ina ƙwaryar?"

Na ce, "Baba, ƙwaryar tana tafe, tsirkiyar na fara yi."

Ya miƙa hannu ya sauko da nasa, ya ɗan ja tsirkiyoyin har suka zauna. Ya kaɗa ta sama, nan take ya danne ta da yatsa. Ƙarar ba ta mutu ba. Wata siririyar murya ta ci gaba, daga ta ƙasa wadda bai taɓa ba.

"Ka ji? 'Yar'uwarta ce ke amsa mata. Jaki ɗaya suka hau, fata ɗaya suke bugu. Naka kowace tana kuka ita kaɗai kamar marainiya."

Na ce, "Allah Ya ƙara girma, Baba, wannan ban yi tunaninsa ba."

Ya ce in dawo in sun fara gaisawa. Jakin da yake nufi shi ne ɗan abin da ke tokare tsirkiyoyi a kan fata. A hanyar gida na san abin da ke jirana: ta sama za ta ba ta ƙasa, ta ƙasa za ta ba ta sama. Zobe a kan zobe.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Haka kuwa aka yi. Kowace tsirkiya tana ɗakinta da block~ 16 nata. Na ja waya daga fitar ta ɗaya zuwa shigar ta biyu, lafiya. Na ja ta dawowa, jan rubutu ya dawo, kuma wannan karon rabin zanen ya yi shiru, har da akwatunan da ba ruwansu.

A nan na san inda zoben yake, ni na ɗaura shi. Amma da na fara kwance-kwance ina gwada hanyoyi, na kai inda na cire wayar da nake zargi, saƙon bai tafi ba. Akwatuna sun haura arba'in, wayoyi sun yi kamar taliya. Sai na koma takarda, na yi abin da mai jerin ke yi da hannuna. Na zana akwatunan sauti duka da kibiyoyinsu. Duk wanda ba kibiyar da ke shigarsa na soke shi, na goge kibiyoyin da ke fita daga gare shi, na sake dubawa, na soke na gaba. Wannan ita ce hanyar da Arthur Kahn ya wallafa a 1962, ba wani sihiri a ciki. Da sokewa ta tsaya, saura goma sha ɗaya. Waɗannan su ne zoben da duk wanda ke shan ruwa a ƙasansa, shi ya sa marasa laifi ma suka yi shiru. Sai na juyo ta ƙasa: duk wanda ba kibiyar da ke fita daga gare shi na soke. Saura huɗu. A cikinsu ga wata waya da na ja tun ranar Alhamis daga mahaɗar sauti zuwa ɗakin tsirkiya ta biyu, ta bi ta bayan wani akwati ta ɓuya. Sa'a biyu ina neman ta a allo, takarda ta nuna mini ita a minti goma sha biyar.

Gyaran gaskiya ya sa na sake tunanin yadda na raba aikin. Na raba shi ne yadda ido ke ganin gurmi: ga tsirkiya, ga tsirkiya, ga jaki. Mai jeri kuwa ba ruwansa da wannan, abin da ya sani shi ne wa ke karanta tsohon abu, wa ke rubuta sabo. Don haka na tsaga kowace tsirkiya biyu. Rabin sama mai karantawa ne da rariyarsa, fita kawai gare shi. Rabin ƙasa mai rubutawa ne, shiga kawai gare shi. Jaki yana tsakiya, yana karɓa daga masu karantawa biyu, ya gauraya, ya miƙa wa masu rubutawa biyu. Dukansu a babban ɗaki ɗaya ƙarƙashin block~ guda. A zane yanzu komai daga sama yake gangarowa ƙasa, ba wayar da ke hawa. Zoben yana nan daram, amma ta cikin layin jinkiri yake bi, inda dama can akwai lokacin da za a jira.

Ƙaramin tuntuɓe: da ina sa $0, lambar da manhajar ke ba kowane ɗaki tasa daban, a sunan layin don kada tsirkiyoyi biyu su yi karo. Da na tsaga su, kowane rabi ya samu $0 nasa daban, mai karantawa ya nemi layinsa ya rasa. Yanzu daga waje nake ba su sunan, su karɓa ta $1, gurbin abin da aka miƙo daga waje.

Sannan na kusa kashe kunnena. Kowace tsirkiya tana mayar wa kanta 0.996, na ƙara mata 0.02 daga 'yar'uwarta. Jimla ta haura ɗaya. Na kaɗa sau ɗaya, maimakon ƙarar ta mutu sai ta riƙa kumbura har lasifika ta yi kururuwa, mahaifiyata ta yi salati daga ɗaki. Mai jeri bai ce uffan ba, domin a wurinsa jerin ya yi daidai, abin da ke gudu a ciki ba aikinsa ba ne. Yanzu abin da tsirkiya ta karɓa daga waje ana cire shi daga nata: 0.976 da 0.02. Na kuma sa clip~ mai datse ƙarfin sauti kafin dac~ mai kai shi lasifika, abin da ya kamata in yi tun ranar farko.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Sun fara gaisawa. In na kaɗa ta sama na danne, ta ƙasa tana amsawa, musamman in muryoyinsu sun yi dangantaka. Ta yi ɗan yawa ma, na rage zuwa 0.012.

Yau kuma akasin matsalar farko na gani. Na ƙara abin da zai kwaikwayi wurin da yatsa ke taɓa tsirkiya: a jinkirta hayaniyar farko da kashi ɗaya cikin takwas na tsawon layin, a cire ta daga kanta. A murya 220 ɗigo 25 ke nan. Wannan yana wajen babban ɗakin, inda dami yake 64, kuma ba zobe a cikinsa ko kaɗan. Da safe yana aiki. Da rana na yanke akwatunan na manna su a wani gefe don zanen ya yi kyau, sai sautin ya canza, kuma duk lambar da na ba shi ƙasa da 64 bai ji ba. Ba saƙo, ba jan rubutu.

Dalili: tun da ba waya tsakanin mai rubutawa da mai karantawa, mai jeri yana da 'yancin fara kowanne, abin da ke yanke hukunci kuma shi ne tarihin yadda aka ajiye akwatunan. Mannawar da na yi ta juya tarihin, mai karantawa ya riga. Wancan makon waya ce ta yi yawa, yau rashinta ne. Misali na G05 ya nuna maganin: kowanne a ɗakinsa, a ja wayar banza daga ɗakin mai rubutawa zuwa na mai karantawa. Ba ta ɗauke da komai, aikinta kawai ta ce wannan kafin wancan. Na rubuta a gefenta da manyan baƙaƙe KADA A CIRE, don na san halina.

Abin da ya rage. Muryoyin sama suna ɗan kaucewa saboda delread~ ba ya karanta rabin ɗigo: a 600 ana buƙatar 73.5, ya ba da cikakkiyar lamba, kunne mai kyau zai ji. Zan gwada delread4~ mai iya karanta tsakanin ɗigo biyu, sai dai ina tsoron ya ƙara dusashe kaifin sautin a kowane kewaye, in haka ne zan koma ga gyaran da David Jaffe da Julius Smith suka kawo a 1983. Ƙwarya da fata ban taɓa su ba tukuna, kuma su ma za su mayar wa tsirkiyoyi da wani abu ta jaki, don haka wurinsu yana tsakiyar babban ɗaki, tsakanin masu karantawa da masu rubutawa.

Azumi ya ƙarato, aikin zai koma bayan tarawihi. Na yi wa Baba alkawarin kai masa ranar Asabar ta sama, kafin la'asar.